Yadda za ki gane maiƙon da ke tukunyarki, ki auna shi, ki san inda yake bi a ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk wadda ke girki a ƙasar nan.

Azumin bara ne, mun gama buɗa baki kenan ana haramar tafiya tarawi, sai Hajiya mahaifiyar maigidana ta dafe gefen cikinta na dama, nan ƙasan haƙarƙari, tace wani abu na murɗa ta har yana haurawa kafaɗa ta baya. Muka ce ko iska ce, muka ba ta ruwan ɗumi, ina, zufa kawai take yi ga amai. Abinda ta ci kuwa ni na girka shi da hannuna, sambusa da ƙosai da shurba mai kitsen rago, aka ɗora da lugaimat. A asibiti aka yi mata hoton ciki, likita yace tsakuwa ce a matsarmama, wato marara kamar yadda Larabawa ke faɗi, kuma yace tsakuwar ta daɗe a wurin, maiƙon da ta ci a lokaci guda bayan yinin azumi shi ya tayar da ciwon. Bayan sallah aka cire mata. Tun daga ranar na sa kaina bin diddigin maganar mai da kitse, ina tambayar likitoci ina karantawa, to abinda na fahimta shi nake so in shimfiɗa muku yadda kowa za ta iya aiki dashi a kicin ɗinta.

Abu na farko dai kar wadda tace za ta daina cin mai gaba ɗaya. Na ga mata da yawa da zarar an ce musu kolestirol ya hau sai su koma dafa komai fari fat, sati biyu sun gaji sun koma gidan jiya. Jiki na buƙatar maiƙo, fatar da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta a jikinki da maiƙo aka yi ta, ƙwaƙwalwa ma haka, kuma bitamin A da D da E da K basa shiga jini da kyau sai da maiƙo a abincin. Jaririn da ke shan nono kusan rabin ƙarfin da yake samu daga maiƙon nonon ne, shi yasa ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu madarar nan da aka tsame wa mai.

Matsalarmu yawa ce da kuma iri. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na shinkafa ko sukari ko furotin kalori 4 ne kacal. Cokalin cin abinci ɗaya na mai wajen giram 14 ne, kalori 120 kenan, kuma duk ɗaya ne ko na zaitun ne mai tsada ko na masara.

To ki fara da awo. Ki ɗauki maka ki rubuta kwanan wata a jikin gorar man ranar da kika buɗe ta. Ni da na yi haka sai na tarar gorar lita ɗaya da rabi sati guda take mana, mu shida a gida. Lita ɗaya da rabi wajen giram 1,380 ne, in kin raba wa mutum shida kwana bakwai kowa ya tashi da giram 33 a rana, wannan fa man gora ne kaɗai, ba a sa kitsen nama ba, ba a sa fatar kaza ba, ba a sa samin ɗin, wato man shanu, da ake kwararawa kan ful da safe ba, balle burost ɗin da yara ke sayowa da daddare. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa shawararta ita ce maiƙo kar ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kalorin da babba ke ci a rana, ga mai cin kalori 2,000 hakan na nufin wajen giram 67 duka duka. Abinda ya taimake ni shine na daina tuttulawa daga bakin gora, na samu ƙaramin kwano da cokali na ajiye gefen murhu, kabsa ta mutum shida cokali uku nake sa mata yanzu, kuma wallahi babu wanda ya taɓa cewa ta canza ɗanɗano tunda kazar ma tana fitar da nata man.

Sai sanin iri. Nan ne zan ɗan tsaya don in kin gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Kusan duk maiƙon da muke ci, man gyaɗa ne ko tozo ko man shanu, ginin ƙwayarsa iri ɗaya ne. Ki ƙaddara cokali mai yatsu uku: gindin da ya riƙe yatsun shi ake ce ma gilisarol, yatsun uku kuma sarƙoƙi ne dogaye na kabon da haidirojin. Shi ne abinda kike gani a takardar gwajin jini an rubuta duhun sulasiyya, sulasiyya saboda yatsun nan uku. Bambancin wani mai da wani a siffar yatsun yake. Wata sarƙar kowane gurbi nata cike yake da haidirojin, sai ta miƙe sambal kamar tsinken tsire, kin san in aka tara tsinkaye miƙaƙƙu suna haɗuwa su matse babu rata, shi yasa irin wannan maiƙon yake daskarewa. Shi ne mushabba'a a rubutun jikin kwali, ƙosasshe kenan. Wata sarƙar kuma akwai inda haidirojin ya gaza sai ta lanƙwashe a wurin kamar gwiwar hannu, lanƙwasassu basa iya matsuwa da juna, sai man ya zauna ruwa. Mai lanƙwasa ɗaya shi ya fi yawa a man zaitun, sama da kashi biyu cikin uku nasa, haka man gyaɗa ma yana da shi sosai. Mai lanƙwasa da yawa shi ne a man masara da na dawwar shams, wato sunflower, da waken suya da kifi. Man riɗi da ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, kusan rabi da rabi ne tsakanin biyun.

Ana yawan cewa ki duba wanda ya daskare a ɗaki, to wannan gwajin ba na Makka bane, a zafin nan namu da ke haura 45 ko man kwakwa ruwa yake zama tunda shi a wajen digiri 24 yake narkewa. Firji za ki yi amfani dashi. Ki samu ƙananan kofunan gahawa ki zuba kowane mai da kike dashi a gida cokali bibbiyu, ki sa a firji ki bar su su kwana. Da safe liyyar rago, wato kitsen wutsiyarsa, da samin da man kwakwa za ki same su kamar sabulu, manja ya yi kauri yana tsayawa a cokali, na zaitun ya yi gajimare ya ɗan kama, na masara da dawwar shams kuwa suna nan suna gudu. Galibi gwargwadon taurinsa gwargwadon ƙosasshen da ke ciki. Man kwakwa sama da kashi 80 cikin ɗari ƙosasshe ne, manja wajen rabi, man gyaɗa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Me yasa ake damuwa da ƙosasshen? Saboda in ya yi yawa yana ɗaga mugun kolestirol, wanda ake rubutawa LDL, shi ne ke taruwa a bangon jijiyoyin jini a hankali har hanya ta ƙuntata. Iyakar da aka ba shi kashi 10 cikin ɗari ne na kalorin yini, wajen giram 22 a rana ga mai cin kalori 2,000, alhali cokali ɗaya na samin yana ɗauke da giram 8 zuwa 9. Kinga ma'asub ɗaya, abincin safen nan na ayaba da burodi, da aka yi wa samin da gishɗa, wato kirim ɗin madara, ya cinye rabon yini tun kafin azahar. Ni ban ce a bar man shanu ba, tuwo da miyar kuka babu man shanu ai da saura, amma ƙaramin cokalin shayi a sama don ƙamshi ya wadatar, girkin kansa a yi shi da man gyaɗa ko zaitun. Kuma man zaitun ɗin Jauf na ƙasar nan yana da kyau kuma ba sai kin nemi na waje ba. Abinda za ki kiyaye shine in kin rage kitse ki maye gurbinsa da mai na ruwa da gyaɗa da kifi, in kika cike gurbin da farar shinkafa da burodi da lemon kwalba baki yi komai ba, don hanta tana juya sukarin da ya yi yawa ya koma kitse, shi yasa za ki ga mutum baya cin nama sosai amma duhun sulasiyya nasa ya haura 150, iyakar da ake so a gwajin jini.

Manja kuma ina so in yi masa adalci. Jan nan nasa karotin ne wanda jiki ke mayarwa bitamin A, in kika bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya koma fari kin ƙone abinda yasa ya fi sauran, kin bar maiƙon kawai. Ki narkar dashi a wuta kaɗan ki zuba albasa tun yana ja.

Akwai iri biyu da jiki baya iya ƙerawa da kansa dole sai an ci, omega-6 da omega-3, wasu mata da miji masu bincike a Amurka, George Burr da Mildred Burr, su suka fara gano haka a 1929. Omega-6 bamu da matsalarsa, yana cike a man da muke suya. Omega-3 ne muke ƙaranci, kuma maganinsa kifi mai maiƙo ne sau biyu a sati, sardin ko baga, wanda duk mai zuwa kasuwar kifi ta Bangala a Jidda ta san su ne ma masu araha. Ko na gwangwani ya yi. A gasa shi ko a sa a miya ya fi a tsoma shi a mai.

Na ƙarshe shi ne wanda babu alheri a cikinsa ko kaɗan, mutahawwila, wato trans fat da Turanci. Asalinsa wani Bajamushe ne, Wilhelm Normann, a 1901 ya samo hanyar cusa wa mai na ruwa haidirojin don ya daskare ya daɗe bai lalace ba, a wajen yin hakan sai wasu sarƙoƙin su miƙe ta wata siffa da ke ɗaga mugun kolestirol kuma ta sauke mai kyaun, HDL. Alhamdulillahi Saudiyya ta hana sa irin wannan man a abinci tun farkon 2020, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaida a 2024 tare da Denmak da Lituweniya da Folan da Tailan. Amma duk da haka ki riƙa juya kwali kina karantawa, musamman tsarabar biskit da bota da ake kawo mana daga wasu ƙasashe, in kin ga zuyut muhadraja juz'iyyan, wato man nan da aka cusa wa haidirojin, ki ajiye. Sannan rubutun nan na babu kolestirol da ake mannawa a gorar mai kar ya ruɗe ki, duk man da ya fito daga tsiro dama bashi da kolestirol, har man kwakwa, layin mushabba'a za ki duba.

Yanzu bari mu bi lomar kabsa mu ga inda take bi, don nan ne na gane abinda ya samu Hajiya.

Mai da ruwa basa haɗuwa, cikinmu kuwa duk ruwa ne, wannan ita ce wahalar da jiki ke sha da maiƙo. A baki da tumbi aiki kaɗan ake yi masa, tumbi yana burga shi ne kamar maburgi ya farfasa shi, kuma maiƙo shi ne ya fi komai daɗewa a tumbi, shi yasa yake riƙe ciki, shi yasa kuma in kin ci soye-soye kin kwanta ƙwannafi ke taso miki. Ainihin aikin a farkon ƙaramin hanji ake yinsa. Da zarar maiƙo ya iso nan sai hanjin ya saki wani sinadari cikin jini mai kai saƙo wuri biyu, matsarmama da bankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi. Hanta dama kullum tana haɗa ruwan nan mai ɗaci, koren da muke kaffa-kaffa dashi in muna gyaran kaza kar ya fashe, wajen rabin lita ko fi a rana, matsarmama jaka ce kawai da ke tara shi. Saƙon na zuwa sai jakar ta matse ta feso shi. Aikinsa irin na sabulun wanke-wanke ne a tukunyar naman layya, yana tarwatsa man ya zama ƙananan ɗigo masu yawo cikin ruwa. Sai bankiriyas ya turo nasa sinadarin, laifez, wanda ke aiki kamar almakashi, ya datse yatsu biyu na gefe ya bar na tsakiya manne da gindin. Waɗannan gutsattsarin ne ruwan ɗacin ke rakawa har bangon hanji su shige.

Abin mamakin shine bayan sun shige sai jiki ya sake ɗinke su yadda suke, ya naɗe su cikin ƙananan ƙunshi masu rigar furotin, kuma basa bin jijiyar da sukari ke bi kai tsaye zuwa hanta, wata hanyar ruwa daban suke bi ta hau ƙirji ta juye su cikin jini a kusa da ƙashin wuya na hagu. Shi yasa in aka ɗebi jinin mutum bayan ya ci mandi ruwan jinin kan fito da fari-fari kamar an ɗiga madara, shi yasa kuma a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, suke cewa ki zo baki ci komai ba na awa 9 zuwa 12 in za a auna duhun sulasiyya, ruwa kawai za ki sha. Lafiyayyen hanji yana tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari na maiƙon da aka ci, wato kusan babu wanda ke fita, duk abinda kika zuba a tukunya yana jikin mutanen gidanki.

To kinga mai tsakuwa, yini guda jakar na cike ba ta motsa ba saboda azumi, magariba na yi aka aiko mata da maiƙo mai yawa, ta matse da ƙarfi, tsakuwa ta toshe bakin. Daga nan na canza tsarin buɗa bakinmu. Dabino da ruwa da shurba marar kitse ko kunu tukun, a yi sallah, sannan abinci, abin suya kala ɗaya tak a rana, in an yi ƙosai ba sambusa. Sambusar ma na koma shafa mata mai da buroshi in sa a oven. Wanda aka cire wa matsarmama kuma hantarsa na nan tana haɗa ruwan, sai dai babu ma'aji, ɗiga yake yi kaɗan kaɗan cikin hanji, don haka maiƙo kaɗan kaɗan zai riƙa ci a rarrabe, in ya haɗa da yawa a zama ɗaya zawo ne zai biyo baya, galibi bayan wasu makonni ciki na sabawa. Sannan masu ramar dole, masu son zubar da kilo goma a wata ɗaya, ku sani saurin rama na cikin abubuwan da ke haifar da tsakuwar nan.

Ga wata dabara da ta faranta min rai don abincinmu ne na gida. Ruwan ɗacin nan da kolestirol hanta ke haɗa shi, kuma jiki baya yarda ya yi asararsa, a ƙarshen ƙaramin hanji yake sake tsotse kusan duka ya mayar wa hanta. Abinci mai yauƙi da harza irin su kuɓewa da wake da adas da shufan, wato oats, yana kama wani ɓangare ya fita dashi bayan gida, sai hanta ta ɗebo kolestirol daga jini ta haɗa sabo. Don haka miyar kuɓewa da molohiya da faten wake su yawaita a sati. Haka in likita ya rubuta miki bitamin D, wanda yawancinmu a nan muke da ƙarancinsa saboda zaman cikin gida, ki sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, kar ki sha da ruwa ciki wayam. Salak da karas da zogale ma a ɗiga musu man zaitun ko a sa ƙuli, ta haka bitamin ɗinsu ke shiga.

Maganar man suya kuma, wallahi a nan muke cutar kanmu, musamman masu yin abincin sayarwa lokacin aikin hajji da umara. Zafi da iska da haske su ke lalata mai, kuma mai lanƙwasa da yawa shi ya fi saurin lalacewa. Kar ki bar kasko har ya fara hayaƙi, ki jefa ɗan ƙullu, in ya taso nan take yana tsuwa a hankali to ya yi, wajen digiri 170 zuwa 180 kenan. In man bai yi zafi ba ƙosai shanye shi yake, in kin cika kasko da yawa ma zafin sauka yake. Kin gama ki bari ya huce, ki tace da rariya mai laushi don ɓurɓushin nan da ke ƙonewa shi ke saurin ɓata shi, ki zuba a kwalba mai murfi ki sa cikin kabad nesa da murhu da taga. Ni sau biyu zuwa uku nake maimaitawa. Ya yi duhu, ko yana kumfa, ko yana danƙo a gefen kasko, ko yana hayaƙi da wuri, ko warinsa ya canza, to ya gama, kuma kar ki ƙara sabo a kan tsoho kice kin gyara shi. Ki juye a gora ki rufe ki sa a shara, in kika zuba a sinki bututu zai toshe. Gyaɗa da riɗi da ƙuli da yajin tsire da ake aiko mana daga gida suma mai ne a cikinsu, watan zafi a firiza nake ajiye nawa.

Akwai alamun da ba a zama a gida dasu. Ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo wanda ya ɗauki sa'o'i bai lafa ba, ko ya zo da zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Haka bayan gida mai fari-fari da maiƙo da wari sosai wanda ke yawo saman ruwa yana ƙin wankuwa, in ya daɗe ana yi kuma mutum na ramewa, alama ce maiƙo baya narkewa, ko ruwan ɗacin baya isowa ko bankiriyas ya gaza. Wannan ba na jiƙo bane, ki kai shi asibiti a yi gwajin jini da hoto, ki kuma faɗa wa likita ainihin abinda aka ci da lokacin da ciwon ya fara.

Hajiya yanzu tana cin komai tare damu, tuwonta da miyar kuɓewa da ɗan man shanunta a ƙaramin cokali, ranar Juma'a in maigida ya shigo da tsire daga Shari'i Mansur nakan zaɓar mata tsokar in cire kitsen, ta ci tsinke biyu da albasa da tumatir.